Sababbin gidaje da zafin Afrilu

Abin da ke damuna a sababbin rukunin gidajen Birnin Kebbi shi ne tagogin da ke kallon yamma. Ranar la'asar ta daki bango, bulo ya riƙe zafin har tsakar dare, fanka sai iska mai zafi take kaɗawa. Magina, don Allah ku mayar da manyan tagogi kudu da arewa, bakin kwano ya fito kamar santimita 60 ya yi wa bango inuwa. Sola ma kudu za ta kalla, a karkace digiri 12 zuwa 15. In an shimfiɗe ta, ƙurar hunturu ta kwanta a kai, batir ba zai cika ba, ko da kuwa sabo ne fil.