Wasiƙa daga Wales: gonar tumaki da majami'un kan tudu

'Yan'uwa na gida, ina gaishe ku.

A tsaunukan Ceredigion, yammacin Wales, abin da ake kira gona makiyaya ce: ciyawa, shinge da tumaki. Tumakin Wales sun ninka mutanenta kusan sau uku.

Shekarar manomi daga Nuwamba take farawa, lokacin da ake sakin rago ɗaya cikin tumaki 40 zuwa 50. Ciki kwana 147 ne, don haka haihuwa kan faɗo a Afrilu, daidai fitowar sabuwar ciyawa. Wanda ya yi gaggawar barbara, sanyi zai kashe masa 'ya'ya. Da zarar ɗa ya faɗo, a shafa masa aidin a cibiya, a tabbatar ya sha dakashi, mililita 50 kan kowane kilo na nauyinsa, cikin sa'o'in farko. In aka yi sakaci, gudawa ko kumburin gaɓoɓi na nan tafe. Damshi ne babban abokin gaba: shi ke ruɓar da kofato, kuma a fadama ƙaramar katantanwar da ke yaɗa tsutsar hanta take zama.

Abin da ya fi burge ni shi ne cynefin, wato sabon da garke ke yi da wurin kiwonsa. A saman tudu babu shinge tsakanin maƙwabta, amma kowane garke ya san iyakarsa, uwa ke koya wa 'yarta. Shi ya sa akan sayar da gona tare da garkenta. Baƙin tumaki watsewa za su yi.

Aski a Yuni da Yuli ake yi. A da gayya ce, yau 'yan kwangila ke yi, kuma kuɗin ulun sau da yawa bai biyan ladan mai askin. Ciniki kuwa sai kasuwar dabbobi, irin ta garin Tregaron.

Gidaje a warwatse suke, don haka Kiristoci 'yan ɗarikun Methodist da Baptist suka gina ƙananan majami'u inda manomi zai isa da ƙafa ko kan doki. Majami'ar Soar y Mynydd, da aka gina a 1822, ita kaɗai ce a cikin kwari, mil takwas daga Tregaron. Da yawa daga majami'un an rufe su, wasu sun zama gidajen kwana. Wadda aka bari ba kulawa, ta rufi take fara lalacewa: fale-falen dutse ɗaya ya zame, ruwa ya sami katako, sai ruɓa ta bi.

Ku huta lafiya.