Ranar da na leƙa cikin hotunan bikin da suka ƙi buɗewa

Shagona na gyaran waya da kwamfuta yana Birnin Kebbi. Wata Asabar da hantsi wani mai ɗaukar hoto ya zo daga Jega, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Ya ɗauki kamu da ɗaurin aure, ya karɓi rabin kuɗin aiki, ga hotuna nan a memori da sunayensu da nauyinsu, amma da yawa sun ƙi buɗewa.

"Oga, ka rufa mani asiri," in ji shi. "Dangin amarya ba ruwansu da wani zancen memori."

Na ce, "Zauna, Malam. Bari in ga abin da ya rage a ciki kafin in ɗaukar maka alkawari."

Na kwafe komai zuwa kwamfutata, sannan na buɗe HxD, manhajar kyauta da wani Bajamushe, Maël Hörz, ya rubuta. Irinta ake kira heks edita. Kowane fayil, hoto ne ko waƙa ko takarda, jerin bayit ne, kuma kowane bayit lamba ce daga 0 zuwa 255. Manhajar tana baje maka su tsirara da ƙidayar tushe 16, wato 0 zuwa 9 sai A zuwa F, daga 00 har FF.

Yadda tsagar fuska ke nuna Bakabe ko Bazamfare, haka yawancin nau'o'in fayil suke da shaidarsu a goshi. Hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF, ya ƙare da FF D9. Da na buɗe na farko sai na tarar goshin duk 00 ne, amma da na gangara ƙasa ga lambobi nan cunkus. Hankalina ya kwanta, domin gangar jikin hoton na nan, kan ne kawai ya tafi. Na ɗauko lafiyayyen hoto da wannan kyamarar ta ɗauka a ranar da saiti iri ɗaya, na yanko kansa har zuwa sashen da ke farawa da FF DA, inda gangar jikin hoton ke somawa, na ɗora wa mara lafiyar. Ya ƙi. Na fi awa guda ina juyi kafin in gane cewa ɗan ƙaramin hoton da kyamara ke ɓoyewa a cikin kan fayil shi ma yana da nasa FF DA, a wurinsa nake ta yanka. Da na nemo na gaskiyar, sai ga amarya cikin lulluɓi ta bayyana. Mutumin ya miƙe tsaye yana hamdala.

Sauran kuwa, na wajen ƙarshen biki, 00 ne tun daga sama har ƙasa. Na juyo masa da allon na ce wannan ko Legas ya kai su kuɗinsa kawai za a ci. Da na gwada memorin da H2testw, manhajar auna ainihin girman memori, sai ya fito jabu: an rubuta masa 64GB, abin da yake iya riƙewa bai kai kwatan haka ba. A ganina babban amfanin manhajar ke nan ga mai gyara, ka san gaskiya da idonka, kada ka riƙe wa bawan Allah kaya sati biyu kana ce masa ana kai.

Ni ma ta taɓa ƙona ni. Ina gyaran fayil ɗin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, na wata laftof da na karanto da na'urar karanta cif CH341A daga cif 25Q64, mai ɗaukar bayit 8,388,608 daidai, na liƙa gyara da Ctrl+V maimakon Ctrl+B. Na farkon cusawa yake yi ya tura komai gaba, na biyun shi ke rubutu a kan na da. Manhajar ta yi gargaɗi cewa girman fayil zai canza, na danna na wuce saboda gaggawa. Kwafin asali da na adana ne ya cece ni, kuma tun ranar ba na taɓa bayit ɗaya sai na ajiye kwafi biyu.

Masu gyaran talabijin da laftof suna cikin waɗanda suka fi morar HxD: cif da aka goge yana nuna FF zalla, kallo ɗaya ka gane. Haka ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar Aliero, abin da malami ya zana a allo a nan za su gan shi zahiri. Masu shagon buga takardu ma ina ba su shawara. In an turo fayil da sunan PDF, dole ya fara da %PDF a gefen da HxD ke nuna lambobin a matsayin haruffa. In ka ga 4D 5A, wato MZ, manhajar Windows ce aka yi wa shigar burtu, kada ka danna. Mai waya da WhatsApp kawai ba ya buƙatar HxD. Masu zuwa in canza musu lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, kuwa haƙuri nake ba su, don ban san inda wayar ta fito ba.

Bayan sati mai hoton ya dawo da sabon memori a cikin kwalinsa, ya ajiye a kan teburina ya ce in gwada masa kafin bikin Juma'a.