Motar Beljiyam, man Beljiyam

Ranar Talatar da ta wuce wani Alhaji ya kawo mini Corolla gareji. 'Yar Beljiyam ce, ko shekara biyu ba ta yi a hannunsa ba. Ya ce in ya zo hawa gadar Ƙofar Nasarawa sai ta riƙa nishi kamar jakin da aka labta wa kaya, ga mai tana sha ba ƙaƙƙautawa. Na jona na'ura, ta faɗa mini abin da hancina ya riga ya faɗa mini tun motar na bakin ƙofa, don warin ruɓaɓɓen ƙwai ke fita daga salansarta. Indomi ya mutu.

Wanda ba makanike ba zai ce me ya kawo taliya cikin mota. Wani curi ne a cikin bututun salansa, mai ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, mu muka raɗa masa indomi saboda kamarsa da busasshiyar taliyar nan kafin a jefa ta a tukunya. An shafe cikinsa da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, kuma aikinsa shi ne ya ƙone dafin hayaƙi kafin ya fito waje. Muddin yana da lafiya, kana tsaye bayan mota ba za ka ji idonka na yaji ba.

Na ce, “Alhaji, sai dai a sa wani.” Da ya ji kuɗin sai ya gyara hula ya ce, “Malam, a fasa shi a zazzage mana. Ni dai motata ta yi gudu.” Na fasa. Ba zan yi muku ƙarya ba, a shekara goma sha tara da na yi ina wannan sana'a, indomin da na fasa ya ninka wanda na canza nesa ba kusa ba. Har masu saye ake da su, suna zagayawa gareji-gareji da buhu saboda ƙarfen da ke jikinsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa da yawa na kashe indomi, akwai injin da ke shan baƙin mai, akwai fulogin da ba ya ba da wuta daidai. Amma akwai wanda ke zaune cikin man da kansa, wato farar wuta, wadda masana ke kira salfa. Kowane ɗanyen mai yana ɗauke da ita, sai a matata ake cire ta, kuma cirewar na cin kuɗi. Wadda aka bari, in ta ƙone a inji sai ta lulluɓe ƙarafan indomi su daina aiki yadda ya kamata, ta gurɓata baƙin mai da wuri, saura kuma ya fito ta salansa ya zama iska mai ƙona maƙogwaro da wata ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke wucewa har can cikin huhu.

Ana auna ta ne da kashi cikin miliyan. Turai ta tsayar da nata a kashi 10 tun 2009, fetur da gas duka. Mu a nan, har zuwa 2016, doka ta yarda gas ya ɗauki kashi 3,000, fetur kuma 1,000. Gas ɗinmu ke nan ninki ɗari uku na nasu, kuma da izinin hukuma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Motar Alhaji ta tashar jirgin ruwan Turai ta fito, shi ya sa muke ce mata Beljiyam. Man da muka yi shekaru muna zuba wa irinta, mai yawa daga cikinsa ta can ya fito shi ma, daga Antwerp ta Beljiyam da Rotterdam da Amsterdam na Holan. Motar an ƙera ta don mai kashi 10. Man kuwa an haɗa shi ne musamman don mu. A watan Satumbar 2016 wata ƙungiya a Switzalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa ta ɗebo mai daga gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas ta kai ɗakin gwaji, ta samu gas ɗin da farar wutarsa ta ninka ta Turai sau 378. Ta kuma bayyana yadda dillalai ke gauraya ragowar kayan matata masu arha har su kai daidai iyakar da dokarmu ta yarda, kuma a tsakaninsu sunan haɗin “ingancin Afirka”. Ba su karya doka ba. Dokar ce ta buɗe musu ƙofa ta shimfiɗa musu tabarma. Ga kuma abin dariya mai sa kuka: ɗanyen manmu na Bonny Light yana cikin masu ƙarancin farar wuta a duniya, shi ya sa ake rububinsa. Mu ba da mai tsabta, a dawo mana da dagwalo.

Da maganar ta fasu, a watan Disambar 2016 aka zauna a Abuja, lokacin Amina Mohammed tana ministar muhalli. Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince su daina karɓar irin wannan mai. Ghana ta sauko kashi 50 a Yulin 2017. Mu ma hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fitar da sabon ma'auni a shekarar, gas 50, fetur da kananzir 150. Sai dai dokin mai baki ya fi gudu. Aka yi ta ɗage ranar farawa, ana cewa mai tsabta ya fi tsada, kuma lokacin gwamnati ce ke biyan tallafin fetur. A 2020 ministocin ECOWAS suka sake zama a Wagadugu suka ce daga Janairun 2021 kada a shigo da man da ya wuce kashi 50, matatun cikin gida kuma aka ba su zuwa 2025 su gyara. Takardu dai ba mu rasa su ba.

Ni ban san komai cikin wannan ba a lokacin. Abin da ya buɗe mini ido shi ne Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da kima, daga Antwerp ɗin dai. Layi ya dawo gidajen mai, 'yan bumburutu suka yi sallah, garejinmu ya cika da motoci masu shaƙewa da mutuwa a tsaye. Nan kowa ya yi ihu, har majalisa ta kira mutane, saboda ɓarnar a rana ɗaya ta bayyana. Farar wuta ba ta kashe mota a rana ɗaya. A hankali take ci, kamar gara a azara, shi ya sa babu mai yi mata zanga-zanga.

Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Babban ɗana, mai shekara goma sha ɗaya, yana da asma. Gidanmu bai fi taku hamsin daga titi ba, titin da tirela da 'yan adaidaita sahu ba sa ɗaukewa, ga janareton mai niƙa a bayanmu. Da hunturu, in hazo ya sauko ya danne hayaƙin magariba ya hana shi tashi, daren nan uwarsa ba ta barci. Ba zan ce mai ne ya sa masa ciwon ba, ƙurar Kano ma kaɗai ta isa, ga hayaƙin bola da na itace. Amma likitan da ke duba shi ya tambaye ni sana'ata, da na faɗa masa sai ya ce kada in kuskura in riƙa zuwa da shi gareji. Tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta WHO ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa a Legas kaɗai gurɓatacciyar iska ta yi ajalin mutum sama da 11,000 a 2018, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Alhaji yana cikin mota gilashi a rufe, sanyi na busa shi. Mai shaƙar abin da na saki daga salansarsa shi ne mai rake a bakin danja, da ɗan KAROTA, da yarinyar da aka goyo a bayan babur.

Abin kunya, masu sayar mana ne suka fara kama kansu. Holan ta hana fitar da man da ya wuce kashi 50 daga Afrilun 2023, Beljiyam ta bi sahu a 2024. Sannan matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da gas a farkon 2024, fetur a Satumba. Na yi murna, don matata sabuwa tana da na'urar cire farar wuta. Amma ku tuna rigimar Yulin 2024. Shugaban NMDPRA na lokacin, wato hukumar da ke sa ido kan harkar mai, Farouk Ahmed, ya ce gas ɗin matatun gida ya fi na waje farar wuta. Ɗangote ya musa, ya sa aka gwada a gaban 'yan majalisar wakilai, nasa bai kai kashi 100 ba, wanda aka sayo a gidajen mai ya haura 1,800. Na bi labarin a rediyo ina kwance ƙarƙashin mota. Mai sa ido ya faɗi lamba, mai matata ya faɗi lamba, ni da nake zuba man ba ni da inda zan duba in ga tawa.

Mu mutanen nan ba ma wasa da awo. In muna zargin gidan mai yana tauye lita, da galan muke zuwa mu gwada, kuma hukuma takan rufe famfon da aka kama. Farashi kuwa tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ko yaro ya haddace shi. Amma abin da ke cikin litar babu mai tambaya. Ni abin da nake so bai taka kara ya karya ba: a riƙa ɗiban mai a gidajen mai na Kano da Kaduna da Gusau, ba a tashar jirgin ruwa kaɗai ba, don tsakanin Legas da nan tanka na tsayawa a wurare, kuma mun san ana surki da kananzir. A gwada, a liƙa sakamakon a jikin famfo kusa da farashi, da kwanan wata. Wanda aka kama a faɗi sunansa. An taɓa yin irin wannan da dalma, wadda ake zuba wa fetur a da. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina tun 2006, Aljeriya ta rufe ƙofa a 2021, kuma babu motar da ta ƙi tashi.

In man ya gyaru, ni ma hujjata ta ƙare. Yanzu in na ce wa mai mota ya sa sabon indomi, cewa yake yi, “Man da zai sake kashe shi fa?” Sai in yi shiru in ɗauko guduma.

Jiya da yamma na tsaya shan mai a kan babur ɗina. Na ce wa yaron famfo, “Samari, man nan naku kashi nawa ne farar wutarsa?” Ya dube ni, ya dubi na bayana a layi, ya yi dariya ya ce, “Baba, na nawa za a zuba?”