Bindigar toka da takardar hukuma

"Ai ta gargajiya ce, ba ta buƙatar takarda." Maganar nan ta cika min kunne a Maraɗi, musamman tun da ɓarayin daji suka addabi yankin Madarumfa da Gidan Rumji, kowa yana neman abin da zai kare garkensa.

Ni jikan mafarauci ne. Na taso ina kallon kakana yana ɗura bindigarsa ta toka: ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, sannan ya sa darma ya sake dannawa. Kafin ya gama ɗuri na biyu, zabuwar daji ta yi nisa. Amma abin da wasu maƙera ke ƙerawa yau daban ne. Kana karya ta a tsakiya, ka zura harsashin kanti ta gindi, ka rufe. Don maƙeri ne ya yi ta, sai a ce da ita ta gargajiya. Wannan ne ke damuna.

Wani ɗan yayata da ke tuƙin babbar mota a Amurka ya sa na duba yadda suka warware lamarin a can. Dokar tarayyarsu ta 1968 ta cire tsofaffin bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan daga jerin masu buƙatar takardar dillali. Haka ma sabuwar da ake ɗurawa ta baki da albarushi, matuƙar ba ta karɓar harsashi. Sai dai idan an gina ta a kan gangar jikin bindigar zamani, irin Encore ta kamfanin Thompson/Center, wadda ana sauya mata bututu ta koma mai harsashi, to ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi a Amurka, bindigar zamani take ɗaukarta sak. Dole mai saye a wurin dillali mai lasisi ya cika takarda mai lamba 4473, a binciki tarihinsa. Jihar New Jersey ma ba ta yarda da sassaucin ba, duka bindiga ce a wurinta.

Abin da ya burge ni shi ne ba kamanni suka duba ba, sun duba abin da bindigar za ta iya haɗiya.

Wannan dokarsu ce, ba tamu ba, kada wani ya kafa hujja da ita gaban jandarma. A Nijar izinin riƙe bindiga daga hukuma yake fitowa, kuma tun 1994 muke da hukumar tattara makaman da ake riƙe da su ba bisa ƙa'ida ba, wato CNCCAI. Ina tausayin manomin da aka kwashe wa shanu cikin dare, wallahi ina tausayinsa. Shi ya sa nake roƙon mai irin wannan bindiga ya bi ta wurin maigari ya tambayi hukuma matsayinta, tun kafin a tare shi da ita a hanyar Ɗan Isa.