Kafin ka jefar da tsohon takalmin birki, tsaya ka dube shi

Ƙannena masu tasowa a harkar mota, masu gyara da masu tuƙi, akwai kuskuren da na daɗe ina yi wanda ba na so ku gada. Duk lokacin da takalmin birki, wato abin da makanikai ke kira pad, ya cinye da wuri a tsohuwar jif ta shiga daji, sai in ɗora wa kayan laifi, in ce jabu ne, in sa sabo in mayar da taya. Jabu kam akwai shi, amma a tsohuwar mota sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Abin da ya cinye na farko yana nan, kuma shi zai cinye na biyu.

Idan ka kwance, jera takalman nan huɗu na tayoyin gaba a ƙasa yadda suke zaune a jikin mota: na ciki da na waje, hagu da dama. Auna kaurin kowanne a kai da gindi. Sabo yakan kai milimita 10 zuwa 12, idan ya sauko 3 lokacin canji ya yi. Irin cinyewar da suka yi ita za ta nuna maka inda ciwon yake.

Kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman a jikin faifan birki da ke juyawa tare da taya, iri biyu ce. Akwai mai zamewa, wadda fistin ɗinta ke gefen ciki kawai, ita kuma tana tafiya a kan fil biyu domin ta jawo takalmin waje. Idan fil ɗin suka ƙame da tsatsa, na ciki ne zai ɗauki aikin shi kaɗai, ka same shi ya ƙare na waje da sauran nama. Idan fil ɗaya ne ya ƙame, takalmin zai cinye a karkace kamar bakin gatari. Zare su, ka goge, ka duba robar da ke rufe su, domin da ta tsage laka ta samu ƙofa. Nan na yi babban kuskure: ina shafa musu giris ɗin boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa. Wannan giris yana kumbura roba, robar ta shaƙe fil ɗin, gyara ya koma ɓarna. Giris na silikon wanda aka yi don birki shi ake sawa, kuma ɗan kaɗan. Ka kuma kankare tsatsar mazaunin da kunnuwan takalmi ke zamewa a kai da burushin ƙarfe. Takalmin da sai an buga shi da guduma ya shiga ba zai taɓa sakin faifai ba.

Ɗaya irin ita ce kafaffiya mai fistin huɗu, biyu a kowane gefe, irin ta gaban tsofaffin Land Cruiser da Hilux da Defender. Fistin ɗaya ya maƙale, kusurwarsa ta cinye ko ta ƙi taɓa faifai sam. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne babu wani sifirin da ke mayar da fistin baya. Zoben robar da ke cikin kalifa ne ke ɗan lanƙwasa idan ka taka, ya jawo shi baya kaɗan idan ka saki. Ƙarfin nan bai taka kara ya karya ba, tsatsa kaɗan ta isa ta rinjaye shi. Don haka kada ka tura fistin ciki da dauɗarsa, yadda na saba yi don sauri, kana cusa yashi ne a ƙarƙashin zoben. Goge shi da tsumma mai tsabta da man birki tukuna. Idan tsatsa ta yi masa ramuka, samfefa ba za ta cece shi ba, sai sabon fistin da sabbin robobi.

Idan takalma biyu na taya ɗaya sun cinye tare, na ɗaya gefen kuma lafiya lau, ga gwaji mai sauƙi. Ɗaga motar, ka tokare ta da abin da ya fi jak aminci, ka taka birki sau biyar ka saki, sannan ka juya taya da hannu. Idan ta riƙe, sassauta ɗan notin fitar da iska na jikin kalifa. Mai ya fito taya ta saki? To tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya tafi, yana hana shi dawowa, alhali daga waje ba ka ganin komai. Idan ba ta saki ba, kalifar ce. Idan kuwa tayoyin gaba biyu ne ke riƙewa bayan mota ta yi zafi, duba feda: dole ta kasance da ɗan wasa kafin ta fara tura masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, in ba haka ba ƙaramar kafar da mai ke komawa ta cikinta za ta zauna a toshe.

Sai wanda ya fi ruɗa mutane, inda takalman gaba huɗu suka cinye daidai wa daida, amma da wuri. A nan ka koma kan birkin tayoyin baya. Birkin duram da aka daɗe ba a saita ba kusan ba ya aiki, gaba ke ɗaukar nauyin duka. Akwai kuma wani bawul a ƙarƙashin tsofaffin Land Cruiser da Hilux, mai sanda da ke haɗe da aksil na baya, wanda ke auna lodin mota ya rage ko ya ƙara ƙarfin birkin baya. Idan aka ɗaga mota da dogayen sifirin ba a gyara mazaunin sandan ba, bawul ɗin zai ɗauka motar ba kaya ko da an cika ta fal, ya rage wa baya mai. Na sha ɗaga mota ban waiwayi wannan sanda ba. Ƙara da manyan tayoyi: daga inci 31 zuwa 35, ƙarfin da birki ke bukata don tsayar da taya ya ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100, ba a ma yi maganar nauyin ƙarfen gaba da kayan saman rufi ba.

Faifan da yashi ya yi wa zane ya zama magagari, zai ci sabon takalmi cikin ɗan lokaci. Mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce yake a jikinsa, auna ka gani. Girgiza taya ka ji ko boris na da wasa, ka kuma duba ko man aksil na yoyo a kan faifai. Takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa, canza shi ake yi, bayan an toshe yoyon.

Man birki yana shan ruwa daga iska. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 155, kuma ruwan nan ne ke cin fistin daga ciki. Canza shi duk shekara biyu.

Ku direbobi, a doguwar gangara ta cikin daji ku sa giyar ƙarfi, 4L, inji ya riƙe motar, ƙafa ta huta. Bayan laka ko tsallake ruwa, a wanke bayan taya da ruwa mai ƙarfi kafin lakar ta bushe.

Idan ka sa sababbi, taka feda har ta yi tauri kafin mota ta motsa. Sannan a hanyar da ba kowa, ka rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba, ka ci gaba da tafiya na wasu mintuna faifai ya huce. Bayan kilomita 500 ka cire taya ka sake auna su huɗun.