Daga Yamai zuwa Tawa da faifan wata tsohuwar na'ura

Kawuna ne ya aiko mini da saƙo cewa in nemo masa faifan na'urar neman ƙarfe a Yamai, domin wayar nasa ta tsinke daga ciki. Na yi kwana uku ina yawo kafin na same shi a hannun wani mai gyaran rediyo. Na naɗe shi da zane, na shiga kar ta asuba, na ɗora shi bisa cinyata, muka bi ta Doso da Dogondutsi da Konni, sannan muka karya arewa a Tsarnawa. Tafiyar ta haura kilomita 500, amma abin da na fi tunawa shi ne yadda ƙasa ta sauya bayan Badagishiri, inda jajaye da baƙaƙen duwatsun Adar suka rufe ko'ina. A lokacin ban san waɗannan duwatsu ne za su zama tushen gardamar da zan tarar ba.

Kawu yana cikin waɗanda suka tafi Jado, can cikin hamadar arewacin Nijar, lokacin da labarin zinariya ya ɓulla a 2014, kuma ya dawo kafin hukuma ta rufe wurin a 2017. Bai dawo da dukiya ba, sai dai na'urar. Yanzu shi da abokansa biyu, wani malamin makaranta mai ritaya da wani matashi mai gyaran babur, suna fita bayan gari ranar da ba su da aiki, suna bin busasshiyar korama da tsoffin hanyoyin fatake, don sha'awa kawai. Babu wanda yake sa ran zinariya a wurin.

Na'urar ita ce Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher na Amurka, wadda aka fara fitarwa a 1995. Ba ta da allo, ba ta nuna lamba, sai kunne kaɗai take yi wa magana. Da muka isa koramar washegari da hantsi, kawu ya ɗaura sabon faifan, ya saka pil biyu masu bolt 9, ya shiga ɗaga faifan yana sauke shi dab da ƙasa, yana murɗa maɓalli a hankali da babban yatsa, har sai da ƙugin da ke fita ya tsaya a murya ɗaya. Wannan shi ne daidaita ta da ƙasa, kuma da hannu ake yin sa. Ba mu yi taku talatin ba ta fara kuka, ya tsaya ya sake.

A nan matashin ya samu abin da yake jira. Ya ce, "Baba, ka ga abin da nake faɗa maka. Rabin yini kana lallashin ta kamar amarya." Hujjarsa tana da ƙarfi. Na'urar tana aiki ne a kan kilohaz 71, wato siginarta tana kaɗawa da sauri ƙwarai, wanda ya sa take jin ƙanƙanin ƙarfe, amma wannan kaifin ne kuma yake sa ta yi ihu a kan kowane dutse mai sinadarin ƙarfe, ga shi Adar cike take da irinsu. Ba ta kuma kaiwa zurfi a irin wannan ƙasa. Ya kawo misalin GPX 4500 ta kamfanin Minelab na Ostareliya, wadda masu neman zinariya suka fi yabo, domin tana aika bugun lantarki ne ta saurari amsa, saboda haka ma'adinin ƙasa ba ya ruɗa ta sosai. Ya ƙara da cewa akwai sababbi, irin Gold Monster 1000 ta 2017, masu daidaita kansu.

Malamin bai musanta ko ɗaya ba, sai dai ya ce yaron yana auna rago da ma'aunin raƙumi. Ita GPX ta haura kilo 2, ban da batirin da ake goyawa, alhali tsohuwar ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma dattijo zai iya kaɗa ta har azahar kafaɗarsa ba ta yi tsami ba. Ga tsada, ga kuma jabu da suka cika kasuwa a shekarun Jado, har mutum ya sayar da gona ya sayo kwali mai fenti. Kawu kuwa magana ɗaya ya yi, cewa abin da aka gyara da faifai ɗaya bayan shekaru goma a rairayi bai cancanci zagi ba. Ni dai a raina na fi karkata ga matashin a batun duwatsu, domin kukan ya ishe ni tun kafin rana ta take, kuma na lura pil ɗin nan ba kowane shago ne yake da shi ba.

Kafin la'asar abin da muka tara bai wuce ƙusoshi da murfin gwangwani da guntun sarƙa ba. Muna shirin komawa kawu ya tsaya cak a gindin wata adua. Ya miƙa mini abin kunnen, ya ce, "Ɗana, saurara." Kukan dutse yana da faɗi kuma yana jan jiki, wannan kuwa gajere ne, siriri, yana maimaita kansa ko ta wane ɓangare aka bi. Ya tura maɓallin tace baƙin ƙarfe, sautin bai ɓace ba. Matashin ya tona da wuƙa ƙasa da taƙi ɗaya, sai ga anini mai huji a tsakiya, irin na zamanin Ingilishi, wanda mai yiwuwa ya faɗo daga lalitar wani falke da ya fito daga Sakkwato. Kawu ya goge shi da miyau, tauraron da ke jikinsa ya fito.

Malamin ya ce tsohuwa ta yi magana. Matashin ya ce a wannan zurfin ko na'urar wasan yara za ta ji shi. Suna ta yi har muka shiga unguwa. Da asubar Litinin kawu ya raka ni tasha, ya danƙa mini aninin da kuɗi jikka biyar, ya ce in aiko masa da pil.