Layi ɗaya da na goge

Ran Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis, na kwashe 'yan takarduna, bayan shekara huɗu ina riƙe da ɓangaren kwamfuta a kamfanin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a nan Jos. Mutane da dama sun tare ni suna tambaya ko maganar rijiyar burtsatsen nan da aka haƙa bisa lissafin manhajarmu ba a samu ruwa ba ce ta sa aka sallame ni. Ba wanda ya sallame ni, ni na ajiye aikin da kaina. Amma tunda kowa ya ji labarin daga bakin Oga, ya kamata a ji daga nawa bakin.

Duk wanda ya zauna a ofishin nan ya san manhajar Baba Injiniya. Da Fortran 77, wani tsohon yaren rubuta manhaja, ya rubuta ta, tun ina firamare. Yaran fili su kafa ƙarafa huɗu a ƙasa bisa tsarin Schlumberger, su tura lantarki, su riƙa buɗa tazarar ƙarafan suna rubuta yadda ƙasa ke tirje wa wutar, su kawo takarda. Manhajar ce ke duba awon ta ce ga inda jar ƙasa ta ƙare, ga ruɓaɓɓen dutse, ga inda ake sa ran tsaguwa mai ruwa. A ƙasa irin tamu ta Filato, wadda dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, wannan lissafi shi ne komai, domin masu injin haƙa da mita suke caji.

Oga ya so a saka manhajar a kwamfutocin hannu na yaran fili, da fuska mai maɓallai, kuma wanda aka ɗauko ya gina fuskar yaren C kaɗai ya iya. Na ce masa ba sai an fassara ba, gfortran, manhajar da ke mayar da rubutun Fortran abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, zai harhaɗa rubutun Baba yadda yake, a jona shi da C ɗin. Ya ce ba zai ci gaba da dogaro da yaren da mutum ɗaya tak ya iya a kamfaninsa ba, shi ɗin ma ya kusa ritaya. A nan kam yana da gaskiya, ban taɓa musa wannan ba. Ya ba ni mako uku.

Sai na ɗauko f2c. Tsohon kayan aiki ne da ya fito daga Bell Labs a Amurka a 1990, aikinsa ɗaya ne, ya karɓi Fortran 77 ya mayar da shi C. Ba shi da hoto ba shi da maɓalli. A baƙin allo kake rubuta masa umarni: f2c, sunan fayil, ka danna. Kafin na ɗauke hannu daga kan madannai ya gama juye aikin da Baba ya yi shekaru yana ginawa. Na haɗa abin da ya fito da libf2c, wato rumbun ƙananan ayyukan da fassarar ke dogara da su, na zuba masa awon wurare uku da muka riga muka san amsarsu, ya ba ni daidai abin da tsohuwar manhajar ke bayarwa. Ranar har tsire na saya wa yaran ofis.

Ina so a riƙe wannan, domin nan ne labarin Oga ya karkace: f2c bai yi kuskure ba. Abin da aka ba shi ya fassara, kuma ya fassara daidai.

Sai dai rubutun da yake fitarwa ba ya karantuwa. Sunaye duk da jela a ƙarshe, goto, umarnin tsallakawa zuwa wani layi, a ko'ina kamar yadda yake a asalin, harafin i ya koma i da layi biyu a gindinsa. Wanda zai gina fuska ya duba ya ce shi ba zai iya aiki da wannan ba. Na ɗauki alkawarin share masa shi da hannu. Dare huɗu na yi a kai, cikin sanyin Disamba, ga janareta na ƙugi a bayan taga, yatsuna har ƙagewa suke yi. A dare na uku na iso wani sashe da ke karɓar jerin awon fili, na ga layi guda a samansa: alamar ragi biyu, sai rho, sunan jerin awon. Ma'anarsa a ja manunin jerin, wato abin da ke nuna inda jerin ya fara, baya da taki ɗaya, ya tsaya kafin farkon jerin. A makaranta an koya mana cewa wannan ganganci ne a C. Na ce bari in gyara.

Ga dalilin layin. Fortran daga 1 yake fara ƙirga abin da ke cikin jeri, C kuwa daga 0. Maimakon ya bi kowane wuri yana rage ɗaya, f2c sai ya ja manunin baya sau ɗaya a sama, ya bar ƙirgar ta ci gaba da farawa daga 1. Na fahimci haka sarai, shi ya sa da na goge layin na bi zagayen farko, inda manhaja ke bin jerin ɗaya bayan ɗaya, na mayar da ƙirgarsa daga 0. Akwai zagaye na biyu can ƙasa, bayan wasu goto guda uku, wanda ke haɗa kowane awo da tazararsa. Shi ban gani ba. Jerin tazara kuwa a COMMON yake, wato ma'ajiyar da sassan manhaja ke tarayya a kai, inda f2c ke rage ɗayan a kowane wuri, saboda haka shi bai motsa ba. Daga daren nan, awo na biyu ya koma kan tazara ta farko, na uku kan ta biyu, haka har ƙarshe. Gurbin ƙarshe ya ɗauko sifiri, Baba kuma ya tsara tun da can cewa sifiri na nufin ba a yi awo ba, a tsallake. Ko tari manhajar ba ta yi ba. Zanen ya fito sumul, sai dai duk abin da ke zurfi ya matso sama.

Laifina shi ne ban sake gwada wuraren nan uku bayan shara ba. Minti goma ne aikin. Na gaji, na ga abin yana tafiya, na rufe kwamfuta.

Washegari na shiga wurin Oga na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mini mako ɗaya. Baba yana da littattafan tsofaffin wurare, ina so in bi su ɗaya bayan ɗaya in kwatanta." Bai ko ɗago kai daga waya ba. Ya ce, "Kai dai ba ka son a ga ƙarshen aiki. Ka ce ka gwada ya yi, to a ba yara." Baba na zaune a wurin, akawu ma yana nan. Da an ba ni makon nan, da a littafi na farko zan kama abin.

A wani ƙauye ta hanyar Zariya aka fara amfani da ita. Mutanen gari ne suka yi karo-karo, har da matan da ke sayar da itace. Manhaja ta ce ruwa na wajen mita 38, aka yi musu lissafin mita 45. Ina wurin ranar haƙa. Tun hantsi injin ke huci yana feso farin garin dutse, ya rufe mana gashin ido, yara sun kewaye mu da bokitai da jarkoki tun kafin a ce su kawo. Duk sandar da aka ƙara sai in matsa in damƙi garin da hannu ko zan ji danshi. Har aka kai 45 busasshe yake kamar garin rogo. Direban injin ya kashe, ya ce kuɗinsa nan suka tsaya. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Yaro, ko mu ƙara haƙuri ne zuwa gobe?" Ban iya ba shi amsa ba.

Ran Litinin a taro, gaban kowa, Oga ya ce na ɗauki aikin kamfani na miƙa wa injin fassara don lalaci, kuma na saki manhaja ba da izininsa ba. Maganar farko jahilci ce, ana iya yafe ta. Ta biyun ƙarya ce, kuma mutum biyu a ɗakin sun san ƙarya ce. Akawu ya sunkuyar da kai. An yanke mini rabin albashin wata biyu, ban ce uffan ba, domin ina ganin fuskar mai unguwa. Amma har yau ban ji Oga ya ambaci makon da na roƙa ba, ko sau ɗaya.

Baba ne ya gano wurin. Bai iya C ba. Ya sa na buga masa abin da f2c ya fitar tun farko da wanda na share, ya shimfiɗa su a kan tabarma a gidansa, ya ɗora rula yana bin su layi-layi, yammaci biyu. Ya sa yatsa ya ce, "Ɗana, wannan ɗan layin ina ka kai shi?" Da muka mayar, manhaja ta ce mita 55. Ya yi shiru, can ya ce shi ma a shekarun baya ya taɓa rubuta lissafi ya zarce gurbi na 72, inda Fortran ke daina karanta layi tun zamanin katin huji, sai da ya yi wata guda yana nema. Bai ƙara komai a kai ba. Wurare biyu da ke jiran haƙa muka sake lissafinsu kafin injin ya je.

Tun daga nan ba na taɓa abin da na'urar fassara ta fitar, sai dai in gina nawa a gefensa. Kowane gyara, ko na waƙafi ne, sai na sake gwaji na sa diff, manhajar da ke nuna bambancin fayil biyu, ya kwatanta amsoshin. Na kuma san f2c na da zaɓin -C da ke duba ko ƙirga ta fita daga iyakar jeri. In shugaba ya hana ka lokacin gwaji, ka tura masa roƙon a rubuce.

Makon da aka hana ni na ɗauke shi daga dararena. Littattafan Baba goma sha ɗaya na bi, duk wurin da aka taɓa aunawa aka haƙa na shigar da shi, yanzu umarni ɗaya ke gwada manhajar da su gaba ɗaya. Yana cikin kwamfutar ofis, a jakar da na sa wa suna gwaji, wanda zai gaje ni ya tambayi Baba kafin ya tafi. Rijiyar ƙauyen kuwa, da na bi ta wurin a watan jiya, an ɗora dutse a bakin bututun don kada yara su jefa tsakuwa. Mita goma suka rage. Na bar wa mai unguwa lambata, na kuma fara tara abin da zan iya.